Baƙin Shafi Mai Manyan Haruffa

"Maigida na kiranki, wai yanzu-yanzu," in ji sakatare.

Auta ta miƙe daga teburinta. Ita aka ba aikin zana wa kamfanin sabon shafin intanet irin na yayi, mai hotuna masu yawo da siririn rubutu. Ta kuma yi wani daban a gefe, don babanta mai ciwon ido ya ga aikinta: baƙi wuluk, ba hoto ko ɗaya, sai haruffa rawaya ƙato-ƙato. Garin sauri, shi ta ɗora a maimakon na kamfanin da safen nan. Kowa ya gani.

Ta shiga ofis. Maigida ya tashi da kansa ya murza wa ƙofa makulli. Ga baƙin shafin nan buɗe a kwamfutarsa.

"Ke kika yi wannan?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne, wallahi yanzu zan cire shi."

"Kul kika taɓa shi!"

Sai ya matso kusa da ita. Ya sassauta murya.

"'Yata, faɗa min gaskiya. Wa ya gaya miki idanuna sun fara mutuwa? Ko iyalina ba su sani ba."