Yatsu Uku a Wuyan Jarka

Kai da ka sayo risho kana shirin shiga daji da mota, ajiye igiyar nan tukuna ka ji wannan.

An yi wata mata mai dafa wa mahaƙa rijiya abinci. Aiki ya kira su wata ruga can ƙuryar daji, tafiyar yini guda a mota, inda babu kwalta babu kasuwa, itacen wurin ma damina ta jiƙa shi. Mutum bakwai, kwana biyar, ƙaramin buhun shinkafa guda ɗaya. Abin da za su ci ke nan, in ya lalace babu inda za a samo wani. Da safe ana loda kaya a bayan a-kori-kura, sai direban, wani tsoho marar yawan magana, ya ce ta juye kananzir ɗin da ke cikin risho a jarka, jarkar kuma kada ta cika ta, ta bar yatsu uku a wuya. Ya tsayar da jarkar a kusurwa, nesa da buhu, ya ɗaure ta tam. Ta ce, "Baba direba, don me?" Ya ce, "Rana na kumbura shi, hanya na kaɗa shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya tafi duba taya.

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ita fa tun tana 'yar shekara bakwai take ɗaukar tulu a ka, ta kuma san tulun da bai cika ba shi ke tambal-tambal ya jiƙa wa mutum wuya, cikakke kuwa lafiya lau yake isa gida. To yaya za a ce abu ruwa-ruwa ya kumbura, sai ka ce ƙullin waina? Ta ce bari ta gani da idonta. Jarkar fara ce, ana hango abin da ke ciki, sai ta tsinci gawayi ta ja layi daidai inda kananzir ya tsaya. Wannan dabara ce, babu mai ce mata komai. Wautar ita ce ta biyu. Rishon ba ta juye shi ba, tun kafin ta ja layin ma ƙara masa ta yi har baki kamar yadda take yi wa tulu, ta naɗe shi da tsohon zani ta sa a daro, ta ɗora daron a kan buhun shinkafa don ya sami laushi. Aka ba ta wuri a gaba ta ƙi, ta hau baya ta zauna kusa da kayanta.

Da suka bar burji sai hanya ta nuna halinta. Mota ta faɗa rami ta fito, ta gangara kwazazzabo ta hau, kowa na riƙe da ƙarfe, haƙora na haɗuwa. Matar nan tana kallon jarka, tana tuna yadda ake kaɗa nono a gora har mai ya fito. Rana ta take tsaka, sai hancinta ya ɗauki wari. Ba daga kusurwar jarka yake zuwa ba, daga kayan da ke gefenta yake. A daidai nan ɗaya daga cikin mahaƙan ya zaro ashana zai kunna taba. Ta kai wa hannunsa duka, ashana ta yi waje, ta ce, "Ɗan nan, gasa mu za ka yi?" Ta yi ta bugun rufin mota har direba ya tsaya.

Zanin ya jiƙe sharkaf, daron ya karkace, kananzir ya bi gefen buhu ya shiga. Da wata ce, da ta ɗora hannu a ka. Ita kuwa tsugunawa ta yi ta kwance rishon, tana juya shi tana neman ɓula. Babu ɓula ko ɗaya. Ashe ta ramukan lagwani ya fito, ƙofar da aka bar masa don ya hau ya ci wuta, ita ya bi da hanya ta girgiza shi. Sannan ta je ta leƙa jarka. Layin gawayinta na nan inda ta ja shi, amma kananzir ya haura shi da kusan yatsa guda, alhali babu wanda ya ƙara ko ɗigo. Direba ya kawar da fuska ya sassauta murfin a hankali, jarkar ta yi huci kamar kububuwa. Da ta cika ta har baki, ina wannan hucin zai bi? Sai ya miƙa mata mazurari don ta juye abin da ya rage a rishon.

Mudu uku na shinkafa suka tafi. Ta wanke su sau uku, warin na nan, kajin rugar ma sun shinshina sun wuce. Ranar ta biyar mutum bakwai masu haƙar ƙasa suka raba abincin mutum uku, mai tabar nan yana suɗe kwano yana cewa, "Inna, gobe in za ki yi gwaji, ki yi da gishiri."

Abin da ta saya da mudu uku da yunwar mutane, kyauta aka ba ta shi da safe. Kai ma ga shi na ba ka kyauta. Je ka juye rishon nan, ka raba shi da abinci, don Hausawa sun ce in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.