Ƙanƙarar Ranar Tsere

Saura awa ɗaya a fara tseren, makanikin ya durƙusa gaban motar yana kwance abin da ya shafe wata uku yana haɗawa.

"Yaya, lafiyarka kuwa?" in ji ƙaninsa, direban motar, yana zagaye garejin kamar kaza mai neman wurin ƙwai. "In ka cire tankin ƙanƙarar nan, turbo zai ɗura wa injin iska mai zafi. Kafin kwana ta biyu ta zama jaki!"

"Miƙo min sifana goma."

"Wallahi ba zan miƙo ba!"

Ya ɗauka da kansa. Tun da ƙanwarsu ta bugo waya kan jikin Baba yake ta sauri. Ya zare tankin, lagireto, fanka da batir, ya loda a a-kori-kura. Ƙanin ya biyo shi yana masifa har gida.

An ɗauke wuta tun safe, ɗakin Baba ya zama tanda. Tsohon makanikin na kwance, ƙirjinsa na sama da ƙasa, likita bai iso ba. Nan da nan ɗan ya haɗa komai a gefen gado. Iska mai sanyi ta daki fuskar tsohon.

A hankali numfashin ya lafa. Baba ya buɗe ido ɗaya, ya harari bututun.

"Wane sakarai ne ya ɗaura wannan? Yana yoyo. Miƙo min sifana goma."

Ƙanin ne ya miƙa.