Ya Runtse Ido a Tashar Gwiwa

Motar Kazaure ta kusa cika lokacin da Muhsin tela ya iso tashar Gwiwa yana haki. Kurma ne, kuma duk garin Malama Shahida kaɗai ke iya hirar hannu da shi har ya yi dariya.

Da hannu ta sake yi masa bayani. Jos za ta tafi, karatun gaba da digiri kan koyar da yara masu buƙata ta musamman, domin ɗalibanta kurame sun ƙure ɗan abin da ta sani.

Yatsunsa na sarƙewa ya amsa: "Kawunki ya ce ba zai ba kurma aurenki ba, shi ya sa yake tura ki nesa. Ki zauna!"

"Zan dawo," ta nuna masa.

Ya juya mata baya. Ta zagaya gabansa da gudu, sai ya runtse ido. Haka yake toshe kunne idan ransa ya ɓaci.

Direba ya danna hon.

"Muhsin, kai nake so!" ta ƙwalla da iyakar muryarta, tana kuka. "Wallahi ba zan auri kowa ba sai kai!"

Direba ya ji, masu tuyar awara sun ji, 'yan acaɓa duk suka waiwayo. Shi kaɗai ne bai ji ba.