Gashin Mai Ƙosai

Lantana, ajiye kwalbar nan tukuna kafin ki shafa wa kanki abin da ba ki sani ba. Tun ɗazu nake ganin yadda kike duba matajin nan kamar wadda aka yi wa sata. Matso kusa, in ba ki misalin wata mata.

Mai ƙosai ce a bakin tasha, Allah Ya yi mata baiwar gashi. In ta tsefe kai har kafaɗa yake sauka, baƙi wuluk, makitsa na son kanta don yana fito da aikinsu. Sai ta haifi tagwaye. Bayan ta gama wankan jego da 'yan watanni, ta fara ganin gashi a bakin mataji, ta gan shi a kan matashi, ta gan shi yana bin ruwa in ta wanke kai. Ba a jima ba gaban goshinta ya zama fili. Ta ja ɗankwali har gira, ta daina zuwa biki da suna, ko a gaban mijinta ba ta yarda ta buɗe kai. Shi mijin manomi ne mai sanƙo irin na gado, ya daɗe yana sayen magani wurin masu talla a kasuwa, ko sili ɗaya bai ga ya tsiro ba. Da ragowar kwalabensa ta fara. Da ta ga shiru, ta shiga tambayar mata. Wannan ta ce toka da manja, waccan ta ce tafarnuwa da kanwa, ita kuwa duk abin da aka faɗa sai ta gwada, har fatar kanta ta yi ja tana raɗaɗi. Don ta rufe inda ya zube, ta sa ana yi mata ƙananan kitso a ɗaure tamau, na gefen kunne ma ya bi sahu. Daga nan zuciyarta ta fara raya mata cewa hannu aka sa mata.

Ana haka goggonta ta zo daga ƙauye ganin tagwaye. Tsohuwar ba ta ce a buɗe mata kai ba, zama ta yi tana kallon yadda gidan ke tafiya. Ta ga matar na fita kan kaskonta da sassafe, ruwan shayi kaɗai a cikinta. In an sauke tuwo ta zuba wa miji, ta zuba wa manyan yara, ta tsame musu ɗan naman da ke miya, ita kuwa ta kankare ƙanzo ta ci a tsaye, ga jarirai biyu suna jiran nono. In ta sunkuya ta ɗago sai ta dafa bango saboda jiri. Rannan goggo ta kira ta, ta ja fatar idonta ta ƙasa ta duba, ta gan ta fara fat.

Ta ce, "Ɗiyata, babu wanda ya yi miki komai. Jini ne ya yi miki kaɗan. Jikin da ke fafutukar ciyar da yara biyu, ina ya ga rarar da zai ba gashi?"

Washegari goggo ta sa mijin ya kai matar asibiti, aka auna aka ga haka ne, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. A gida kuma goggo ta karɓi tukunya. Yau kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gobe faten wake da alayyafo, ranar kasuwa a sayo hanta, kuma babu fita sana'a sai an sha kunun gyaɗa. Mijin da ya gane abin da ya daɗe yana faruwa a gabansa bai lura ba, kunya ta kama shi, ya daina taɓa kwanonsa sai ya ga nata a cike. Aka tsefe kitson nan, aka bar kan ya huta, sai kalaba biyu sako-sako. Abin shafawa kuwa man kaɗanya ne da ruwan hulba da aka jiƙa, a murza a hankali, a bar shi.

Goggo ta koma ƙauye gashi bai daina zuba ba. Matar ta yi kuka, ta ce aikin banza ake yi, amma mijin ya lallashe ta ta ci gaba. Jirin ne ya fara tafiya, nono ya ƙaru, tagwaye suka yi ɓul-ɓul. Can wata rana tana alwala, ta zo shafar kai, ta ji wani abu mai laushi a gaban goshinta. Ta fito da madubi tsakar gida, sai ga ƙananan gashi sun tsiro kamar ciyawa bayan ruwan farko. Ta kira mijin, ta cire ɗankwali a gabansa. Ya duba ya yi hamdala, sannan ya shafa nasa sanƙon yana dariya, ya ce, "Nawa dai gadon Baba ne, hula ta ishe shi." Kafin a yaye tagwayen, makitsiya ta sake zama ta yi mata shuku, matar ta tafi bikin ƙanwarta ta yi rawa har ta gaji.

To Lantana, ban ce ciwonki irin nata ne ba. Wata tsaurin kitso ke cinye mata gashi, wata damuwa, wani kuma na gidansu ne ya gada. Amma ke ma goyo kike yi, kuma na ga yadda kike cin abinci. Ki je a duba jininki, ki cika kwanonki, sannan a yi maganar mai. Hausawa suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.