Baƙin Man da Ɗansa Ya Kawo

Mai Burodi da babur ɗinsa tare suka tsufa. Fentin tanki ya koɗe, kujerar da roba aka ɗaure ta, amma kullum safiya bugu ɗaya yake tashi, ya ɗauki akwatin burodi ya zaga da shi shago-shago. Da wannan babur ya ci da gidansa, da shi ya yi ɗawainiyar babban ɗansa, har yaron ya samu aikin jan motar manajan wani kamfani.

Wata rana da yamma ɗan ya shigo gida rungume da wani galan mai ƙyalli.

"Baba, ga baƙin mai. Yau aka yi wa motar oga juye, wannan ya ragu, ya ce in ɗauka. Ka huta da ba tsohon babur ɗin nan naka man bakin titi."

Mai Burodi ya karɓa da hannu biyu. Tun da yaron ya fara aiki, wannan ne abu na farko da ya miƙo masa. Bai iya karanta rubutun da ke jikin galan ɗin ba, amma ya daɗe yana shafa shi yana sa albarka.

"To Malam, ko shimfiɗa zan yi masa a ɗaki?" in ji matarsa tana dariya.

Washegari ya kai babur wurin bakaniken da ya saba yi masa gyara. Bakanike ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya juya galan ya duba bayansa.

"Baba, wannan na mota ne."

"Na sani. Motar ma ta manaja."

"Ba a nan take ba, Baba. A mota kuloci gefe yake, mai ba ya taɓa shi. A babur irin naka kuwa, inji da kuloci kwano ɗaya suke ci. Man nan santsinsa ya yi yawa. Fayafayan kulocinka dama sun sha jiki, in suka jiƙa da shi ba za su riƙe juna ba."

"Wato abin da motar manya ta sha ta zauna lafiya, shi ne zai ƙware wannan akwalar?" Mai Burodi ya kalle shi sama da ƙasa. "Ko dai don ba a hannunka na saya ba?"

Maganar ta soki bakanike. Bai ƙara musu ba, ya tsiyaye tsohon mai, ya zuba sabon.

"Shi ke nan, Baba. Amma ran da ka ji inji yana ihu babur bai ja ba, ka kafe shi a wurin, ka aiko a kira ni."

Kwanakin farko babur ya yi laushin murya. Duk shagon da Mai Burodi ya sauke kaya sai ya ba da labarin man da ɗansa ya kawo.

Ran nan, a hawan da ke bayan gidan burodi, ya murɗa totur. Inji ya ɗaga murya, babur ya ɗan dakata kamar mai shawara, sannan ya ja. Gabansa ya faɗi, amma ya ce kaya ne suka yi nauyi. Washegari dakatawar ta fi tsawo. Wani ƙauri-ƙauri ya fara tasowa daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya san abin da ya kamata ya yi. Amma da wane ido zai kalli bakanike? Da wane baki kuma zai gaya wa yaron ya zubar da kyautarsa? Sai ya canza hanya, ya daina bi ta gaban rumfar gyaran.

"Malam, kukan babur ɗin nan ya canza," in ji matarsa. "Tun daga bakin layi nake jin sa, kamar akuyar da ake ja da igiya."

"Ke kuma yaushe kika zama bakanike?"

Da ɗan ya leƙo ya tambaya, "Baba, ya man?" sai ya ce, "Sai godiya. Babur ya koma sabo."

Akwai shagunan da yake kai wa burodi a tsallaken babban titi. Shekara da shekaru yana ƙetare titin nan, idonsa ya san tazarar da ke isar babur ɗinsa. Wata safiya ya hango tirela tana gangarowa, ya auna, ya ga da sauran fili. Ya shiga.

A tsakiyar titi ya murɗa totur. Inji ya kurma ihu, babur bai ƙara gudu ba. Ya sake murɗawa har ƙarshe. Ihun inji ya haɗu da hon ɗin tirela, burodi ya watsu a kan kwalta.

A gadon asibiti ya farfaɗo. Ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa babu.

Bakanike ya zo dubiya, ya zauna a gefen gado, kansa a sunkuye.

"Da ma na ƙi zuba man nan, Baba."

"Ni na tilasta ka, ɗana. Ka faɗa, ban ji ba." Ya kamo hannunsa. "Abu ɗaya nake roƙon ka. Kada yaron nan ya san man da ya kawo ne."

Idon bakanike na kan ƙofa. Mai Burodi ya juya kai a hankali. Ɗansa na tsaye a bakin ƙofar da ledar magani a hannu, kuma ba yanzu ya zo ba.

Mai karatu, tsadar mai ba ita ce dacewarsa ba. Na mota daban, na babur daban, tsohon inji kuma a tambayi wanda ya san cikinsa kafin a zuba masa komai. In abin hawanka ya canza kuka, ka ajiye shi a duba, ko da ran wani zai ɓaci. Ɓacin rai yana wucewa, ƙafa kuwa ba ta tsirowa.