Sifirin Mai Taushi

"Mai tauri ko mai taushi, Baba?" in ji bakaniken, riƙe da sifirin biyu na ƙafar mota. "Mai taurin ya fi riƙe mota wajen shan kwana. Mai taushin kuwa na masu ciwon baya ne."

Tsohon ya bugi ƙirji. Shi za a gaya wa kwana? Shi da bai taɓa shiga aji ba amma ya koya wa direbobi gudu, shi da aka zaro daga wannan motar tseren tasa bayan hatsari, ko ƙwarzane babu?

Sai idonsa ya faɗa kan kujerar gefen direba. Tun ranar da matarsa ta cika a kanta, motar take rinjaya can, kamar da mutum zaune.

"Sa mai taushin," ya ce a hankali. "Ba ta son jijjiga."