Tsanwan Zare

"Ina takardar da na ba ku?" in ji likita.

Tsohon maɗinkin ya zaro farin ƙyalle daga aljihu, ya shimfiɗa mata. An ce ya riƙa rubuta duk wahalar da shimiyo, maganin ciwon daji, ke ba matarsa tun dawowarsu Agadas daga Yamai. Shi kuwa bai yi boko ba, sai ya ɗinka, kowace rana da layinta.

"Jan zare amai ne, baƙi kasala, rawaya gyambon baki."

Likita ta bi layukan da yatsa. Ta ga ja yana taruwa a kwana na uku bayan kowane zagayen shimiyo, ta ce daga yau a fara shan maganin amai tun kafin ranar.

"To wannan tsanwan da ya cika ƙasan ƙyallen fa? Wane ciwo ne?"

Matarsa da ke zaune a gefe ta harare shi. "Gaya mata mana, Malam!"

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ranakun da ta yi mini faɗa ne, wai shayina ya cika sukari. Duk ranar da ta iya masifa, likita, na san matata ta dawo."